Darasi na 7: Zaɓen Ƙaramin Babur

Duk wanda ya ɗan zauna a shagon sayar da babura zai ji mai saye yana tambaya: "Alhaji, tsakani da Allah, wanne ya fi?" Mai shago ba ya rasa amsa, kuma sau da yawa wanda ya fi shi ne wanda ya rage masa a kwali. Tambayar ce ba ta cika ba. Ya fi wa wa? A kan wace hanya, da wane kaya? Babur ɗin da ya dace da ma'aikaciyar jinya mai zuwa aiki a kan kwalta cikin Zariya ba shi ne ya dace da manomin da ke fito da buhun masara daga gona ta burji ba.

Dalilin yana cikin ƙirar. Masu zana ƙaramin babur cikin ƙunci suke aiki: kuɗin da talaka zai iya biya kaɗan ne, nauyin da ƙafafu biyu za su ɗauka kaɗan ne, wurin da za a cusa inji da tanki da mutum ma kaɗan ne. Abin da suka ƙara a nan sai sun rage a can, domin taura biyu ba ta taunuwa. Manufar wannan darasi ita ce ku iya duban babur ku gane abin da masu ƙera shi suka ba ku, da abin da suka karɓe a madadinsa. Baburan da za mu duba su ne masu injin cc 50 zuwa 150, waɗanda nauyinsu ke tsakanin kilo 80 da 130 ko kusa da haka.

Zuri'a uku

Kusan duk ƙananan baburan da ke kan titunanmu, daga Sin suka zo ko daga Indiya, sun gaji siffarsu ne daga ɗaya cikin tsofaffin ƙira uku, kuma kowace ƙira an yi ta ne don warware wata matsala takamaimai.

Ta farko ita ce Vespa, wadda kamfanin Piaggio na Italiya ya fitar a 1946, shekara guda bayan ƙare yaƙin duniya na biyu. Wanda ya zana ta, Corradino D'Ascanio, injiniyan jirgin sama ne, kuma ba ya ƙaunar baburan zamaninsa: suna ɓata tufafi da mai, sarƙa na ba da wahala, cire taya kuma jan aiki ne. Sai ya manna inji a gefen ƙafar baya ya rabu da sarƙa gaba ɗaya, ya rufe shi da ƙarfe, ya yi wa mahayi daɓen ajiye ƙafa da garkuwa a gaba, ya sa ana kwance taya ta gefe ɗaya. Shi ya sa malaman makaranta da ma'aikatan gwamnati a ƙasar Hausa suka rungume ta a shekarun 1970 da 1980: mutum zai hau da babbar riga fara, ya sauka da ita fara. Amma kafin a samu wannan daɓe sai da aka ƙanƙanta tayoyi, inci 8 da farko, daga baya 10, nauyin injin kuma ya karkata gefen dama. Sikutocin yau marasa giya, waɗanda wuta kawai ake murɗa musu su tafi, jikokinta ne a siffa, kuma sun gaji ƙananan tayoyin.

Ta biyu ita ce Super Cub na kamfanin Honda na Japan, wanda ya fito a 1958. Soichiro Honda da abokin kasuwancinsa Takeo Fujisawa sun so babur da yaron da ke kai taliya gidajen mutane zai iya tuƙawa da hannu ɗaya, ɗayan hannun yana riƙe da faranti. Daga wannan buƙata aka samu kulocin da ke kama kansa, ba sai an matsa da hannu ba. Suka ɗauki sauƙin hawan Vespa, suka ƙi ƙananan tayoyinta, suka sa masu inci 17. Garkuwar ƙafa suka yi ta da roba maimakon ƙarfe don rage nauyi da kuɗi, tanki ya koma ƙarƙashin sirdi, sarƙa ta shige cikin gida a rufe. A 2017 kamfanin ya sanar da cewa ya ƙera miliyan 100 na wannan zuri'a, adadin da babu wata mota ko babur da ya kai. Baburan da muke kira roba-roba daga nan suka samo jini. Me aka bari? Ƙashin bayan babur ɗin ya lanƙwasa ƙasa a tsakiya don a samu wurin zura ƙafa, saboda haka bai kai miƙaƙƙe tauri ba idan kaya ya yi nauyi. Tankin ƙarami ne, kusan lita 4. Sannan babu abin da gwiwoyi za su matse idan hanya ta yi gargada.

Ta uku ita ce ta babur mai tanki a gaba da kuloci a hannu, kuma labarin da ya fi dacewa da mu a nan shi ne na Honda CG125. A 1974 kamfanin ya tura injiniyoyinsa ƙasashe irin su Tailan da Indonesiya da Pakistan su ga yadda ake amfani da babura. Suka tarar da mutum uku ko huɗu a kan babur ɗaya, baƙin mai ana barinsa har ya yi kauri, matatar iska ta toshe da ƙasa. Ba su tsaya yi wa mutane faɗa ba. Suka koma suka ƙera injin da zai jure wannan riƙo: bawul ɗinsa 'yan sandunan ƙarfe ne ke tura su daga ƙasa, ba sarƙar taimin ba, matatar iskar kuma ta soso ce da za a wanke a mayar. Ya fito a 1975. Injin ba ya juyawa da sauri kamar na takwarorinsa, yana da ƙara, amma yana da wuyar mutuwa, kuma har yau masana'antun Sin suna kwaikwayonsa. Boxer na kamfanin Bajaj na Indiya, wanda ya cika ƙauyukanmu, injinsa daban ne amma tunanin ɗaya ne: ƙashin baya miƙaƙƙe, dogon sirdi, kariya mai ƙarfi, tanki mai cin kusan lita 10. Kuɗin da aka biya shi ne tsayi da nauyi, da kuma cewa sai an ɗaga ƙafa an tsallaka kafin a hau.

Inji

Lambar da kuke gani a jikin babur, 100 ko 110 ko 125 ko 150, girman wurin da fistan ke sharewa ne a cikin silinda, ana auna shi da cc. Lita ɗaya cc 1,000 ce. Ledar ruwan sha da muke saye a titi cc 500 ce, wato injin cc 100 kashi ɗaya ne cikin biyar na wannan leda. A cikin wannan ɗan wuri ake ƙona mai da iska, har a ja mutum biyu da kayansu.

Babban inji yana zuƙar mai da iska da yawa a kowane bugu, don haka ya fi ƙarfin ja kuma ya fi shan mai. Sai dai akwai inda lissafin ke juyewa. Ƙaramin inji da kullum ake ɗora wa buhu ana murɗe masa wuta har ƙarshe yana aiki ne a iyakar ƙarfinsa: yana zafi, ringi na cinyewa da wuri, kuma man da aka yi zaton za a tara ba ya taruwa. Waɗannan injuna iska ce kawai ke sanyaya su, ga shi kuwa a watan Afrilu zafi kan wuce digiri 40 a Sakkwato da Maiduguri da Yamai. Mai ɗaukar kaya kullum ya fi samun sauƙi da 125 ko 150 da ke tafiya cikin natsuwa. Mai hawa shi kaɗai zuwa kasuwa ko ofis kuwa, in ya sayi 150, ya biya kuɗin ƙarfin da ba zai mora ba.

Manya a cikinku za su tuna Jincheng mai ƙirar Suzuki AX100 da 'yan acaɓa suka yi yayi, mai baƙin mai na 2T da hayaƙi shuɗi. Wannan inji ne mai bugu biyu: duk juyi ɗaya wuta na tashi sau ɗaya. Ba shi da bawul irin na mai bugu huɗu, sassansa kaɗan ne, ba shi da nauyi, yana da zafin tashi, kuma bakanike zai buɗe shi ya rufe kafin azahar. Aibinsa a cikin ƙirar yake. Lokacin da hayaƙi ke fita, sabon mai na shigowa, sai wani kaso na fetur ya bi salansa ya fice ba a ƙone shi ba. Baƙin man ma ƙonewa yake tare da fetur. Mai bugu huɗu sai ya yi juyi biyu wuta ke tashi sau ɗaya. Ya fi nauyi da yawan sassa, amma ba ya zubar da mai haka, shi ya sa ya kori ɗan'uwansa daga kasuwa. Tun da aka cire tallafin fetur a Najeriya a ranar 29 ga Mayu, 2023, wannan bambanci ya ƙara tsada. Sharaɗin mai bugu huɗu ɗaya ne: kusan lita guda ta baƙin mai da ke cikinsa ita ke shafa inji da giya da kuloci duka, kuma wanda ya yi wasa da juye ta zai sayi fistan da ringi ba da jimawa ba.

Taya

In da za a ce in zaɓi abu ɗaya da mai saye zai fara duba, da taya zan zaɓa, domin ita ce ke haɗuwa da hanya, kuma ita aka fi mantawa.

Idan ƙaramar taya mai inci 10 ta iske rami, faɗawa take ciki ta daki bakinsa kusan gaba da gaba, dukan ya hau hannun mahayi. Taya mai inci 17 ko 18 ta fi faɗin da'ira, sai ta taka bakin ramin a karkace ta haye. A cikin rairayi ma haka ne: ƙaramar tana tona wa kanta rami, babbar tana miƙa sawunta a kan yashi. Sannan ƙaramar taya tana saukar da cikin babur kusa da ƙasa, sai ya riƙa dukan tudun rage gudu da duwatsu, ruwan damina kuma ya kai ga injinsa da wuri. Wanda hanyarsa ta bi ta fadama, ko ta yashin Damagaram da Daura, wannan kaɗai ya ishe shi yanke shawara.

Amma kada a raina ƙaramar taya a inda aka yi ta domin shi. Ita ta ba da sirdi mai ƙasa-ƙasa da gajeren mutum ko dattijo zai sa ƙafa biyu a ƙasa. Ita ta bar wuri a ƙarƙashin sirdi da za a kulle jaka ko cefane. A cikin lungu da cunkoso kuma juyawa take nan da nan. Ga mace mai zani da hijabi da ke tafiyar kilomita kaɗan a kan kwalta, waɗannan ba ƙananan abubuwa ba ne.

Ku dubi rim kuma. Mai sifok yana ɗan lanƙwasawa ya shanye duka, in ya karkace a ɗaure sifok a miƙe shi, kuma kowane mai faci ya san tib. Sai dai in ƙusa ta huda tib, iska kan fice lokaci guda. Rim na zubi ba ya buƙatar ɗauri, yawanci yana ɗaukar taya marar tib wadda ke sacewa a hankali har a kai gari, amma in ya daki rami da ƙarfi yana iya tsagewa, tsagaggen rim kuwa sai sabo.

Giya da sarƙa

Kulocin hannu yana da wuyar koyo, kuma yana gajiyar da yatsu a cunkoso. Ladansa shi ne mahayi ke da iko: zai saki ƙarfi kaɗan-kaɗan a cikin laka, ko a kan gangare da kaya. Na roba-roba ya sauƙaƙa, ƙafa kawai ke aiki. Sikuta ta fi duka sauƙi, tunda bel ne ke sauya mata giya da kansa, amma bel ɗin yana cin wani abu daga ƙarfin inji, yana zamewa in ruwa ya shiga gidansa, kuma ba a tayar da ita da turi in batir ya mutu kik ya ƙi.

Kanikawa kan canza faifan haƙoran baya da sarƙa ke bi. In aka sa mai haƙora da yawa, babur zai ƙara ƙarfin jan kaya, gudunsa ya ragu, injin ya riƙa kuka a doguwar hanya. In aka rage haƙora, sai akasin haka. Babu canjin da ke ƙara duka biyun, ko da wa ya ce muku zai iya.

Akwai wata al'ada da nake roƙon ku bari. Da yawa kan cire murfin sarƙa saboda yana ƙara ko yana hana saurin gyara. Murfin nan yana tsare sarƙa daga ƙura, wadda in ta haɗu da mai take cinye haƙora. Abin da ya fi wannan muhimmanci, yana tsare bakin zani da hijabi da babbar riga. Tufa in ta shiga sarƙa ko sifok, fizge mai ita take daga sirdi, kuma wadda aka goya ce ta fi shan wannan, ba mai tuƙi ba. A ɗaure murfin in ya saki, a kuma tattare tufafi kafin a tashi.

Nauyi da birki

Rashin nauyi alheri ne. Babur mai kilo 90 za a tura shi zuwa wurin mai faci, a shigar da shi zaure da dare, a ɗaga shi in ya faɗi, a sa shi a kwalekwale. Amma a hanyar Kano zuwa Zariya, in tirela ta wuce, iskarta kan kaɗa shi. Kuma ku yi wannan lissafi: mahayi kilo 65, wanda ya goya kilo 65, ga buhun masara mai kilo 100. Kayan sun ninka babur ɗin fiye da sau biyu, alhali birki da shokozoba da sifok ba don haka aka auna su ba. In buhun ya zauna a bayan ƙafar baya, ƙafar gaba takan yi sakayau, kan babur ya riƙa rawa. Kaya mai nauyi a matso da shi gaba, a saukar da shi ƙasa gwargwadon iko.

Birki iri biyu ne. Na ganga yana ɓoye cikin ƙafa, yana da araha, ƙura ba ta cika damunsa ba, ana ɗaure shi da sifana, amma yana sanyi in ya yi zafi ko ya sha ruwa. Na faifai ya fi kamawa, ya fi tsada, yana buƙatar mansa na musamman, kuma hannun da bai saba ba zai iya kulle ƙafar gaba da shi a kan yashi. Ko wanne kuka samu, ku riƙe abu biyu. Idan gudu ya ninka sau biyu, tazarar da birki ke buƙata kafin ya tsayar da babur tana ninkawa sau huɗu. Sannan a kan kwalta busasshiya, ƙafar gaba ce ke yin mafi yawan aikin tsayawa, domin nauyi gaba yake zubawa. Masu tsoron birkin gaba har su kwance shi sun jefar da mafi ƙarfin birkinsu. Abin yi shi ne a koyi matsa shi a hankali tare da na baya, a fili, kafin ranar buƙata.

Sabuwar fasaha da bakaniken garinku

Yawancin baburanmu da kabireta suke haɗa mai da iska. In dattin man bumburutu ya toshe ta, a kwance a wanke a gefen hanya. Sabbin babura kuwa suna zuwa da na'urar fesa mai wadda ƙaramar kwamfuta ke sarrafawa; a Indiya dokar hayaƙi ta Afrilu 2020 ce ta tura masana'antu wannan hanya. Na'urar tana rage shan mai, tana tashi da sauƙi da sanyin hunturu, amma tana son mai mai tsabta da batir mai rai, kuma in ta lalace sai mai na'urar bincike. Babur mai lantarki, irin wanda kamfanoni kamar Spiro a Benin da Togo da Ampersand a Ruwanda suke ba masu haya tare da tashoshin musanya batir, ba ya shan fetur ko baƙin mai. Tsadarsa da nauyinsa a batir suke, kuma amfaninsa ya rataya ga samun caji a kusa.

Saboda haka, kafin ku je shago, ku fara zuwa wurin bakanike. Ku tambaye shi: "Malam, wane babur ne kayan gyaransa ba sa yankewa a nan? Wanne ne ka fi buɗewa, kuma me ke kawo shi?" Akwai tsohuwar hanyar kayan gyara a ƙasar nan, daga kasuwar Nnewi ta jihar Anambra har shagunan ƙananan garuruwa, kuma Honda na da masana'anta a Ota ta jihar Ogun tun 1979, amma ba kowane samfuri wannan hanya ta ɗauka ba. Babur mai kyau da zai yi wata guda a jingine ana jiran wani ƙaramin ƙarfe daga Legas bai kai matsakaicin da za a gyara yau ba. Yawan irinsa a gari kuma shi ke sa ya yi daraja ranar da za a sayar. Sai dai wanda kowa ke so shi ɓarawo ma ke so, don haka kuɗin kwaɗo da sarƙar ɗauri na cikin kuɗin saye.

Lissafi

Lambobin nan misali ne kawai. Ku sa farashin garinku, da naira ko da sefa. A ce babur na farko yana yin kilomita 50 da lita ɗaya, na biyu yana yin 35, kuma na farko ya fi tsada da naira 150,000. A ce lita naira 1,000 ce.

Mai tafiyar kilomita 700 a wata zai sha lita 14 a na farko, lita 20 a na biyu. Bambanci lita 6, wato naira 6,000 a wata. Sai ya yi wata 25 kafin rarar mai ta biya masa ƙarin kuɗin saye. Mai haya da ke yin kilomita 2,100 a wata kuwa, bambancinsa lita 18 ne, naira 18,000, kuma cikin wata 9 ya fanshe, bayan haka riba ce, ko da yana biyan balas. Babura biyun ba su canza ba, masu hawan ne suka bambanta. Kada ku dogara da shan man da aka rubuta a takardar talla, domin a kan hanya mai santsi da mahayi ɗaya aka auna shi. Ku tambayi wanda ke hawan irinsa a hanyarku: in ya cika tanki, ina da ina yake zuwa kafin ya koma gidan mai?

Doka, takardu da na hannu

Doka ma tana shiga zaɓi. An hana acaɓa a tsakiyar Abuja a 2006, an hana babura a Maiduguri a 2011, an hana acaɓa a Kano a Janairun 2013, abin da ya buɗe wa A Daidaita Sahu kasuwa, an kuma hana hawan babur a yankin Diffa na Nijar a 2015 saboda tsaro. Wanda zai ci bashi ya sayi babur don haya, ya fara sanin abin da dokar jiharsa ta ce a yau.

Hular kwano a sa ta cikin kuɗin babur tun farko. Hukumar kiyaye haɗura ta Najeriya ta fara tilasta sa ta a ranar 1 ga Janairu, 2009, kuma Hukumar Lafiya ta Duniya ta taɓa bayyana cewa hula mai kyau da aka ɗaure daidai tana rage haɗarin mutuwa da kusan kashi 40 cikin 100. Ƙaramin babur ba shi da jikin da zai karɓi duka a madadin mahayi. Wannan na cikin abin da aka bari don a samu rashin nauyi da araha.

In na hannu za ku saya, ku je da sassafe ku taɓa injin ku tabbatar da sanyi yake kafin a tayar, domin inji mai zafi yana ɓoye ciwonsa. Hayaƙi shuɗi daga mai bugu huɗu alama ce ta yana cin baƙin mai. Ku tsaya a bayansa ku ga ko ƙafafun biyu na kan layi ɗaya; in ba haka ba, ya taɓa faɗuwa mai tsanani. Ku duba wuyansa da ƙarƙashin sirdi ko akwai sabon walda. Ku gwada lambar inji da lambar jiki da abin da ke cikin rasit, harafi da harafi, a yi ciniki gaban shaidu a rubuce. In mai sayarwa ya ce takardu sun ɓata amma zai rage kuɗi, ku bar masa kayansa.

Aikin yi

1. Malama tana koyarwa a makarantar da ke kilomita 4 daga gidanta, duk kwalta. Ƙanenta yana kai madara da hatsi kasuwar mako, kilomita 30 ta burji da yashi. Wace zuri'a cikin ukun za ku ba kowannensu shawara ya saya, kuma me kowannensu zai haƙura da shi?

2. Ku sake lissafin da ke sama da farashin litar mai na yau a garinku, ga mutumin da ke tafiyar kilomita 350 a wata. Wata nawa zai ɗauka kafin ya fanshe ƙarin kuɗin?

3. Ku kasu uku-uku, ku ziyarci bakaniken babur mafi kusa. Ku tambaye shi farashin fistan da ringi, da sarƙa da faifan haƙoranta, da tayar baya, na samfuri biyu da aka fi hawa a unguwarku, da kuma wanda a cikinsu kayansa kan yanke. Ku kawo abin da kuka samo aji na gaba.